Ita Yarinyar Ba Ta da Gwaggo Ne?

Kwafin Romiyo da Juliyet da na fara karantawa ba shi da bango. A ƙasa na tsince shi, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Sabon Garin Zariya, ina shekarar farko a kwalejin horon malamai. Wanda ya riga ni mallakarsa ya cika gefen shafuka da jan biro, ma'anar kalmomi a sama, zanen zuciya da kibiya a ƙasa, har zuwa tsakiyar kashi na biyu. Daga nan jan biron ya ɗauke ɗif. Ina jin ya kai inda masoyan suka gama zance ta taga ne, ya ɗauka ya gama da wasan.

Ni ma da irin wannan tunanin na shiga aji. Na sha kallon Qayamat Se Qayamat Tak, fim ɗin Aamir Khan da Juhi Chawla na 1988, a bidiyon maƙwabtanmu: gida biyu masu gaba, yaro da yarinya, mutuwa a ƙarshe, mu kuma muna share hawaye da gefen mayafi. An ce mini daga wasan William Shakespeare aka ɗauko ƙashin labarin, don haka na zo da shirin kuka. Malaminmu kuwa, wani siririn dattijo da aljihun rigarsa ba ya rabuwa da garin alli, da lissafi ya zo. Ya raba allo gida biyar, ya rubuta Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Ya ce duk abin da ya faru a wasan mu nemi ranarsa mu rubuta a ƙarƙashinta, kuma kada wanda ya furta kalmar so a ajinsa sai allon ya cika.

Ga abin da allon ya nuna. Ranar Lahadi da safe barorin gidan Capulet da na gidan Montague suka kaure da faɗa a titin Verona, wani birni a arewacin Italiya, har sarkin gari ya fito ya yi rantsuwa cewa duk wanda ya sake zare takobi a bakin ransa. A lokacin Romiyo, ɗan gidan Montague, yana can yana ramewa a kan wata Rosaline da ba ta kula shi, wadda har wasan ya ƙare ba za mu ji muryarta ba. Wani bara da bai iya karatu ba ya tare shi a hanya, ya roƙe shi ya karanta masa sunayen waɗanda maigidansa Capulet ya gayyata liyafa. Romiyo ya ga sunan Rosaline, ya je don ita, ya ga Juliyet, ya manta da abin da ya kawo shi. Kafin gari ya waye sun yi alkawarin aure.

Litinin ita ce ta fi cika allon, har malam ya ci gidan Talata. Da rana wani limamin Kirista, Fada Laurence, ya ɗaura musu aure a ɓoye, yana fatan auren ya sasanta gidajen. Bayan kamar awa ɗaya Tybalt, ɗan ɗan'uwan mahaifiyar Juliyet, ya soke Mercutio abokin Romiyo, kuma ta ƙarƙashin hannun Romiyon ya zura takobin yana tsakiyar rabon faɗa. Romiyo ya kashe Tybalt. Sarki ya kore shi daga gari. A daren nan, Romiyo yana ɗakin amaryarsa a sama, uban amarya yana ƙasa yana ba wani basarake mai suna Paris ita, ya sa ranar Alhamis. Talata da asuba Romiyo ya tafi garin Mantua. Juliyet ta ƙi auren, ta garzaya wurin Fada, ya ba ta maganin da zai sa ta zama kamar gawa na awa 42. Ta dawo gida ta durƙusa wa ubanta kamar ta yarda, shi kuma don murna ya jawo bikin zuwa Laraba. Ta sha maganin a daren. Laraba aka kai ta ɗakin da suke ajiye gawarwakin danginsu. Wasiƙar da za ta shaida wa Romiyo gaskiya ba ta isa ba, labarin mutuwa ne ya riga ta. Ya sayi guba wurin wani matalaucin mai sayar da magani, ya dawo, ya kashe Paris a bakin kabari, ya sha gubar. Juliyet ta farka ta soke kanta da wuƙarsa. Da mahaifiyar Romiyo da baƙin ciki ya kashe, gawa shida ke nan.

Malam ya juyo ya ce, “Shinkafar da kuka jiƙa ranar da suka haɗu ba ta isa tsiro ba.” Sannan ya gaya mana abin da ya sa lissafin ya zama dole. Shakespeare bai ƙirƙiri labarin ba. Marubutan Italiya sun riga shi: Luigi da Porto, wajejen 1530, shi ya kai labarin Verona ya raɗa wa masoyan sunayensu, Matteo Bandello ya sake rubuta shi a 1554, aka juya shi zuwa Faransanci, daga nan wani Bature ɗan Ingila, Arthur Brooke, ya mayar da shi doguwar waƙa a 1562. Wannan waƙar ce Shakespeare ya buɗe a gabansa wajejen 1595, kuma a 1597 aka fara buga wasan. A wurin Brooke labarin ya ɗauki kusan wata tara, masoyan sun yi watanni suna zaman aurensu a ɓoye. Shakespeare ya matse shi cikin kwana huɗu zuwa biyar. Juliyet ta Brooke tana gab da 16, tasa kuwa saura mako biyu da 'yan kwanaki ta cika 14. Ba wai haka ake aure a Ingila ta lokacin ba, domin yawancin matan talakawa sai sun haura ashirin. Da gangan ya rage mata shekaru. Shi kansa yana da 'ya, Susanna, haihuwar 1583, wadda a lokacin ba za ta wuce 12 ko 13 ba. Ban ce ita yake kallo yana rubutu ba, amma ba na iya karanta wurin ban tuna da ita ba.

Brooke ya buɗe waƙarsa da wa'azi, ya ce ga sakamakon bin son zuciya da ƙin jin maganar iyaye. A jarrabawa abin da yawancinmu muka rubuta ke nan, muka jingina wa Shakespeare. Ni ma haka na rubuta, kuma na ci. Gwaggona ce ta ɓata mini amsar.

Da hutu na je gida na tarar da ita a tsakar gida tana ɓare gyaɗa a faifai. Ba ta yi boko ba, amma ba ta barin labari ya wuce ta, don haka na zauna ina taya ta ina ba ta wasan da Hausa. Faɗan titi bai dame ta ba, ta ce maza ne. Zancen taga ta yi tsaki. Sai da na kai safiyar Talata, inda uban ya ce ko ta auri Paris ko ta bar masa gida ta je ta yi bara, sannan hannunta ya tsaya.

“Dakata, 'yar nan. Ita yarinyar ba ta da gwaggo ne?”

Na ce babu a littafin.

“Ba kaka, ba kawu, ba yayarta da ke ɗakin miji?”

Na ce babu.

“To gidan wa za ta gudu?”

Ba ni da amsa, domin malam bai raba wa wannan gida a allo ba. A wurinmu yarinyar da aka matsa wa da auren da ba ta so tana da ƙofofin da take bugawa: ɗakin kaka, gidan gwaggo, wurin kawu, wani lokaci har zauren mai unguwa. Ba kullum suke buɗewa ba, na san gwaggon da ita da kanta ta riƙo hannun yarinya ta mayar da ita. Amma akwai su, kuma ko ba komai suna sayo kwanaki, zuciyar uba ta huce. Da na koma makaranta na sake karanta wasan daga farko, wannan karon ina ƙirga manyan da ke kewaye da Juliyet. Huɗu ne kacal, kuma ɗaya bayan ɗaya suka sake ta.

Uban ya fi ba ni wahala, domin ba mugu aka nuna mana da farko ba. Ranar Lahadi, da Paris ya zo neman aure, Capulet cewa ya yi yarinyar ta yi ƙanƙanta, a bari a ƙara shekara biyu, kuma ya je ya nemi soyayyarta, yardarsa tana bin tata. Ya nuna ita kaɗai ta rage masa cikin 'ya'ya. A wurin liyafa, da Tybalt ya gane Romiyo ya nemi takobi, dattijon ne ya tsawata masa, ya ce mutanen gari suna yabon yaron da natsuwa, kada a taɓa shi a gidansa. (Nan ne nake tsayawa in yi ta mamaki: da an je an gaya masa gaskiya fa? Har wasan ya ƙare ba wanda ya gwada, kuma ba wanda ya faɗi abin da ya haddasa gabar tun asali.) Kwana ɗaya da rabi bayan haka, mutumin nan ne yake zagin 'yarsa, yana cewa hannunsa na ƙaiƙayin marinta. Abin da ya canza shi ne an kashe Tybalt, ya ga yarinya tana ta kuka, ya ɗauka kukan ɗan'uwa ne, ya yanke cewa biki ne maganinsa, ya ba da kalmarsa gaban baƙo ba tare da ya tambaye ta ba. Da ta ce a'a, ba 'yarsa ya gani ba, kunyar da zai ji ya gani. Duk wanda ya taɓa zama a zauren da aka riga aka karɓi goro ya san wannan fuskar. Kuma murnarsa ta fi fushinsa ɓarna, domin kwana ɗayan da ya cire daga ranar biki shi ne kwanan da Fada yake bukata saƙo ya isa Mantua.

Uwar ba ta da dogon bayani. Juliyet ta roƙe ta a ɗaga bikin ko da mako ɗaya, ta ce ta wanke hannunta, ta fice. Amma Shakespeare ya riga ya shirya mu tun kashi na ɗaya. Matar ta zo yi wa 'yarta zancen aure, ta sallami mai raino, sai ta ga ba ta san ta inda za ta fara ba, ta sake kiranta. Ita ma tana kusan shekarun Juliyet ta haife ta.

Mai rainon ce uwar gaske. Ita ta shayar da Juliyet, 'yarta ta cikinta Susan ta rasu tana ƙarama. Tana da baki kamar rariya, kuma a doguwar hirarta ta farko ta ba da labarin ranar yaye: shekara 11 da suka wuce, ranar da aka yi girgizar ƙasa, ta shafa wa nono wani ganye mai ɗaci, ɗan'uwan tazargade, yarinya ta ɗanɗana ta yi fushi. Gwaggo ta yi dariya a nan, ta ce ashe su ma sun san maɗaci. A cikin surutun akwai wata 'yar magana da ake tsallakewa: ranar da aka yaye Juliyet, iyayenta sun yi tafiya Mantua. To wannan matar, wadda ta kai saƙo ta kawo, wadda ta ɗauko tsanin igiyar da ango ya hau, ita Juliyet ta juya wa bayan iyayen sun fita. Sai ta ce mata ta auri Paris kawai, Romiyo korarre ne, tsumma ne kusa da shi. Ta san an ɗaura aure, amma take ba ta shawarar aure kan aure. Ba na zaginta sosai. Baranya ce, yanzun nan maigida ya daka mata tsawa don ta sa baki, kuma ta san wanda za a fara kora in asiri ya tonu. Amma daga wannan lokacin Juliyet ba ta sake gaya mata sirri ba.

Saura Fada, mai yawan nasiha a kan illar gaggawa, wanda shi ya ɗaura aure ƙasa da kwana ɗaya da haɗuwar yaran. Wata ɗalibata ta taɓa tambayata nisan Verona da Mantua. Na ce kusan kilomita 40, kamar daga Kano zuwa Wudil. Ta ce, “To Malama, me ya hana shi ɗora ta a kan doki da dare?” Ko ya je gaban sarki ya ce ni na ɗaura. Maimakon haka ya zaɓi dabarar da ba za ta fallasa shi ba, ya rataya ran yarinya a kan wasiƙa guda. Ɗan aiken, Fada John, ya biya neman abokin tafiya, jami'an gari suka zargi gidan da suke ciki da annoba, suka garƙame ƙofa da su. Da muna ɗalibai mun ce wannan ƙarya ce ta marubuci. 'Yan kallon Landan ba su ce haka ba, domin annoba ta rufe gidajen wasansu kusan daga 1592 zuwa 1594. Ɗalibaina ma tun kullen korona na 2020 ba wadda ta sake yi mini gardama a kai. Sannan a cikin kabari, Juliyet ta farka, mijinta na kwance a mace, Fada ya ji motsin 'yan sintiri, ya ce ta taso ya kai ta gidan mata masu ibada, ta ƙi, ya gudu ya bar ta.

Kada a ce na wanke yaran. Romiyo mai saurin hannu ne, kuma da ya yi jinkirin minti kaɗan a bakin kabari da ya tarar da matarsa a raye. Wasan ma tun a buɗewarsa ya ɗora abin a kan taurari, wato ƙaddara, ya kuma faɗi ƙarshen labarin tun ba a fara ba. Amma ban ga tauraron da ya jawo ranar biki ba.

Yanzu shekaruna da yawa ina karantar da wasan a wata makarantar 'yan mata, kuma abin da ke kayar da ɗalibai Turancin ne, wanda ya haura shekara 400. Ina sa su fara sanin labarin a sauƙaƙe, ko daga littafin Charles da Mary Lamb na 1807 da ya mayar da wasannin zube don yara, sannan mu karanta ainihin wasan da murya, a tsaye, domin don kunne aka rubuta shi. Mafi yawansa waƙa ce mai gaɓa goma a layi, barori kuwa da zube suke magana. Maganar farko da Romiyo da Juliyet suka yi wa juna, in ka haɗa layukan, waƙa ce cikakkiya mai layi 14 da amsa-amo, shi ya fara ita ta amsa, kamar masu karɓa-karɓa. Akwai tarkuna. Kalmar wherefore da Juliyet ta furta a taga ba “ina” take nufi ba, “don me” take nufi. Ba nemansa take ba, tambaya take don me zai zama ɗan gidan da ya fito. Akwai kuma inda Bahaushe ya fi Baturen yau saurin ganewa: Turancin lokacin yana da thou na kusanci da you na girmamawa, kusan yadda muke ce wa aboki “kai” mu ce wa babba “ku”. In ka bi su za ka ga Juliyet tana yi wa uwarta magana kamar baƙuwa. Batsar da ke bakin Mercutio da mai raino kuwa, malaminmu tari yake yi ya juya shafi. Ni ma tarin nake yi.

Wani abin da littafin ba shi da shi shi ne baranda. Taga kawai aka ambata. Barandar da masu yawon buɗe ido ke cincirindo a ƙarƙashinta a Verona, a gidan da ake kira na Juliyet, a ƙarni na 20 aka liƙa ta. Har yau mutane na aika wa Juliyet wasiƙu can, masu aikin sa kai suna amsawa. Mutane sun daɗe suna gyara wasan don ya yi musu daɗi. Bayan 1660, lokacin da mata suka fara hawa dandamali a Ingila (kafin nan yaro ne ke fitowa a Juliyet), har an yi wanda masoyan suka rayu. A ƙarni na 18 David Garrick ya sa Juliyet ta farka kafin Romiyo ya cika, don su yi bankwana. Fim ɗin Franco Zeffirelli na 1968 da na Baz Luhrmann na 1996 duk suna da kyau, amma duk ɗalibar da ta dogara da su ina gane ta a takarda, domin dukansu sun cire kisan Paris.

Bara muka shirya wasan a ɗakin taro. Tunda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya taɓa mayar da wani wasan Shakespeare Hausa da sunan Daren Sha Biyu, na ce mu ma ba abin da zai hana mu, na bar yaran suka juya fitowa biyu da kansu. Juliyet kowa na so, sai da aka yi ƙuri'a. Capulet ya faɗa kan wata doguwa mai babbar murya, wadda ranar gwaji ta yi zagin da Hausa har ɗakin ya yi tsit, wata a baya ta kifa kai a gwiwa, na ce a tafi shan iska. Fada kuwa wata 'yar aji biyar ce, mai shiru, muka yafa mata bargo mai ruwan ƙasa muka ɗaure da igiyar shanya, muka ba ta fitilar ƙwai.

Ranar gwaji na ƙarshe muka kai wurin kabari. Juliyet ta farka a kan benci biyu da muka haɗa, 'yan sintiri suna buga ƙafa a bayan labule. Fada ta tsaya cak.

“Malama, ni ba zan gudu ba.”

Na ce littafi ya ce ya gudu.

“Ai ta girmi ƙanwata da wata uku ne kawai.”

Na ce na sani, amma haka aka rubuta, kuma in ta tsaya babu sauran wasa. Ta dube ni ta dubi bencin. Ranar da iyaye suka zo ta gudu ɗin, sai dai ta ajiye fitilar kusa da kan Juliyet kafin ta fita, abin da ba ni na koya mata ba, ta bi ta cikin duhu har ta yi tuntuɓe da wayar lasifika.